Sunan Da Sanƙira Bai Taɓa Ji Ba

Ranar Talata da hantsi labarin ya iske Kubura. Tana tsugune gaban kasko a tsakar gidanta da ke Bakura, ƙuli-ƙuli na juyawa cikin mai, sai ta ji babur ya tsaya a ƙofa. Ba ta tashi ba, don ta ɗauka masu kai kaya kasuwar Mafara ne. Sai ga Yasir ya shigo, abokin aikin ɗanta, wanda suke shago ɗaya a Talata Mafara. Bai taɓa wuce zaure ba sai ran nan. Ya cire takalmi, ya durƙusa can nesa, ya fara gaisuwa, ina kwana, ina gajiya, ya mutanen gida, amma bai iya kai ta ƙarshe ba.

"Inna, sai haƙuri," in ji shi. "Ɗazu ne a hanyar Maradun, za shi Faru. Motar itace ce ta kauce ma rami ta buge shi. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa."

Gimbiya, yayar marigayi mijin Kubura, tana zaune bakin ɗaki tana tsince gyaɗa. Tiren ya kife. Ta ɗora hannu a ka tana kiran, "Zaharaddini! Wayyo Zaharaddini!" Maƙwabta suka fara shigowa, kowace da sunan a bakinta. Kubura kuwa ta yi salati sau uku, ta ɗauki ludayi ta kwashe ƙuli-ƙulin kada ya ƙone, ta janye itacen, ta yayyafa ma wutar ruwa. Sannan ta shiga ɗaki.

Ba wanda ya yi mamaki. Ɗan fari ne. Shekara ashirin da tara ke nan ba ta taɓa kama sunansa ba, ko a ɓoye. Tun ranar da aka yaye shi Gimbiya ta goye shi zuwa sashenta, a can ya tashi. In Kubura za ta ambace shi sai ta ce Na-Gwaggo. Shi kuma bai taɓa ce mata Inna ba, Yaya yake ce mata. Haka uwarta ta yi da nata ɗan farin, haka kakarta, kuma Kubura ba ta taɓa jin nauyin abin ba sai ranar da kowa ke da abin kira, ita ba ta da.

Washegari bayan sallar asuba wayarta ta yi ƙara a ƙarƙashin filo, kamar kullum. Wata murya mara hawa mara sauka ta ce, "Ina kwana, Yaya. An tashi lafiya? Ina gajiya? Yau mi aka soya?"

Ba muryarsa ba ce. Muryar Sanƙira ce, manhajar da ya gina da hannunsa. Amma kalmomin nasa ne, shi ya tsara gaisuwar, ya ce abin da zai yi magana da mutanen Bakura ba zai faɗa ma mutum da tambaya ba tare da ya gaishe shi ba. An rufe mai shi jiya da la'asar, ga abin nan yana ci gaba da aikinsa, bai san an yi mutuwa ba. Kubura ta riƙe wayar a tafin hannu har hasken ya mutu. Ta mayar da ita ƙarƙashin filo.

Shekara uku da suka wuce ya kawo mata abin. Ya yi karatun kwamfuta, suka buɗe shago da Yasir, sola a kan rufi, suna yi ma 'yan kasuwa talla a intanet. Ya zauna a tabarmar Gimbiya yana bayani da ƙarfi don wadda ke bakin murhu ta ji, tunda ba za ta zauna gabansa ba.

"Gwaggo, intanet kasuwa ce wadda ba ta da ƙarshe, amma layin farko kaɗai mutane ke bi. In mutum ya tambayi wayarsa ina zai samu man gyaɗa, abin da ya fito a sama shi zai taɓa. Wanda ke layi na goma, ko kayansa sun fi na kowa, ba mai ganinsa. Aikina in ɗauko rumfar Yaya in kai ta layin farko."

Ya ce akwai wata basira da aka ƙirƙira, wadda ta karance rubutun duniya, shi kuma ya ɗauko ta ya rage nan ya ƙara can, kamar yadda tela ke yi da yadi, har ta zama daidai da sana'ar mutum ɗaya. Ya sa mata suna Sanƙira, sunan mai shelar biki. Sanƙira yana bin abin da mutane ke tambayar wayoyinsu, ya gane kalmomin da suke nema da su, ya rubuta shafin Kubura da waɗannan kalmomi, da Hausa da Turanci har da Yarbanci. Shi ya gano cewa a Kano da Legas ba mai neman ƙarago, kamar yadda ake cewa a nan, ƙuli-ƙuli suke rubutawa. Shi ya gano cewa sati biyu kafin a koma makarantun kwana iyaye ke fara neman garin ƙuli mai yaji, sai ya gaya mata ta ƙara gyaɗa tun kafin ta ji labarin komawa makaranta daga bakin kowa.

Wata rana Na-Gwaggo ya karanto musu abin da wani ya rubuta daga Legas: ƙuli-ƙuli irin na kakata. Kubura ta tsaya da murza tunkuza. Wani bawan Allah, can bakin teku, ya tuna kakarsa, bai gaya ma kowa ba sai waya, kuma maganar ta biyo iska ta sauka a tsakar gidanta. Ta daɗe tana jinjina abin. Har yau in ta tuna sai ta ce ikon Allah.

Ranar sadakar uku gidan ya cika da matan da ba ta sani ba. Mai daddawa daga Faru, masu saƙar tabarma daga Ruwan Gizo, wata tsohuwa mai zuma daga Maradun wadda aka riƙo hannunta. Yasir ya ce su arba'in da uku ne, kowace da nata Sanƙiran da aka ɗinka mata. Bayan addu'a mai daddawar ta ciro waya tana nuna ma Gimbiya.

"Duba, Hajiya. In aka nemi daddawar kalwa ta asali, ni ce ta farko. Ni da ban taɓa wuce Gusau ba, ana ci na a Abuja."

Aka yi 'yar dariya ta cikin hawaye. Aka nemi zuma, ga tsohuwar Maradun. Aka nemi tabarma, ga Ruwan Gizo. Sai Gimbiya ta share ido ta ce, "Yasir, to nemo min shi. In ga yarona."

Yasir ya rubuta sunan. Ya ja yatsa ƙasa, ya ƙara ja. Ga wani Zaharaddini mai ƙwallo, ga wani malamin jami'a, ga wani mai sayar da motoci. Ya ƙara da Bakura, ya ƙara da sunan mahaifinsa, Bawa. Babu. Ya kai shafi na biyar ya ɗago kai.

"Bai taɓa sa sunansa a ko'ina ba," in ji shi. "Na sha yi masa magana. Sai ya ce ai sanƙira ba ya yi ma kansa kirari."

Kubura tana daga cikin ɗaki, bayan labule, ta ji komai. Mutumin da ya ɗaga mata arba'in da uku zuwa layin farko, shi ko a layin ƙarshe babu shi. Bai yi aure ba, bai bar ɗa ba. In ita da Gimbiya suka bi shi, sai a ce wani yaro ne ya yi abin, daga nan a ce wani kamfani ne. Wannan tunani ya zauna mata a ƙirji, ya fi ƙarar da Gimbiya ta yi ranar Talata nauyi.

Bayan sadakar bakwai ta aika aka kira Yasir. Suka gaisa har gaisuwa ta ƙare. Ta ce, tana kallon ƙasa, "Abokin nan naka. Ina son in an neme shi a same shi."

"Zan iya buɗe masa sabon shafi yau," in ji Yasir. "Amma sabon shafi baƙo ne, Inna, ba wanda ya san shi, can ƙasa zai kwanta. Shafin da aka yarda da shi naki ne. Shekara uku mutane na shiga suna daɗewa. In sunan ya hau naki, ina sa ran zai taso."

"To ka sa."

Yasir ya sosa ƙeya. "Inna, kin manta dokarki?"

Ba ta manta ba. Ta dai so a ce shi ya manta.

A watan farko na Sanƙira ne. Wata mata, Shamsiyya, ta kira daga Kaduna tana tambaya cokali nawa mijinta zai sha, tunda shafi ya ce man Kubura na maganin hawan jini. Aka karanto ma Kubura shafin, ta ji har da cewa ya fi kowane mai a Najeriya, kuma shekara ɗari gidansu na wannan sana'a, alhali uwarta fura take sayarwa. Ran nan ta yafa mayafi ta hau motar Mafara, ta shiga shagon karo na farko. Na-Gwaggo na zaune gabanta, amma Yasir ta fuskanta.

"Ka gaya ma abokinka wanga maroƙi nashi ya yi min ƙarya."

"Yaya, ba ƙarya yake nufi ba," in ji Na-Gwaggo. "In ya ga gurbi ne sai ya cike."

"Ka ce mishi gurbina shi bar min shi a buɗe."

"Yasir, ka ce mata na ji."

"Ni dai yau na zama waya," in ji Yasir. "Ku sa min kati."

Wata biyu Na-Gwaggo ya yi yana gyara. Ya kafa ma Sanƙira doka: ba abin da zai hau shafin mace sai abin da ta faɗa da bakinta. Yana iya gyara jeren magana, yana iya juya ta wani harshe, amma ba ya ƙara ko ƙwayar gyaɗa. Kuma a ƙarƙashin kowane rubutu za a ajiye muryar mai maganar, duk mai shakka ya taɓa ya ji. Yasir ya yi tsoron shafin zai faɗi. Sai ga shi ya tashi, don mutane na tsayawa sauraron wata mata tana cewa gyaɗar bana ta Maradun ba ta kai ta bara mai ba, kowa ya yi haƙuri.

Don Sanƙira ya gane muryarta, Na-Gwaggo ya zo da doguwar takarda, yana karanto kalmomi daga bakin ƙofa tana maimaitawa. Gyaɗa. Kasko. Mudu. Tunkuza. Barkono. Bakura. Zamfara. Sai ya ce, da murya ɗaya ba canji, "Zaharaddini."

Kubura ta kawar da kai. Gimbiya ta jefe shi da ɓawon gyaɗa.

"Ɗan banza mara kunya! Uwarka za ka yi ma tarko?"

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Gwaggo, abin nan ya san kalma dubu uku daga bakin Yaya. Saura ɗaya."

"Ita za ta rage har a tashi duniya," in ji Gimbiya.

Yanzu ga Yasir durƙushe, ga dokar tsaye. Gimbiya, wadda ke sauraro, ta miƙo hannu. "Ba ni wayar. Ni na goye shi, ni na yi mishi kaciya, bakina bai da kunyarshi." Ta danna, ta faɗi sunan da ƙarfi har da na kakansa, ta ƙara da cewa ba a haifi kamarsa ba a ƙasar Zamfara.

Sanƙira ya ce, "Barka da rana. Wannan ba muryar Yaya ba ce. A gaida ta, ina jiran ta."

"Ji min ɗan iska!" in ji Gimbiya. "Halinshi ne sak." Sai kuma kuka ya ƙwace mata.

Yasir ya ce akwai hanya. Zai iya shiga cikin manhajar ya cire dokar, aikin yini ɗaya ne. Sai dai doka ɗaya ce ta riƙe duka arba'in da ukun, in ya cire nan ya cire ko'ina. Ko kuma ya yanko muryar Kubura daga tsofaffin maganganunta, gaɓa-gaɓa, ya haɗa sunan, ba mai ganewa.

Kubura ta ɗago ta dube shi, abin da ba ta saba ba. "Wata biyu ya yi yana hana shi ƙarya. Ƙasar kabarinshi ba ta bushe ba za mu koya mishi? A'a. Tashi ka tahi, Allah shi yi maka albarka."

Kwanaki suka yi ta wucewa. Kowace asuba Sanƙira ya gaishe ta ya tambayi abin da aka soya, ita kuma ta kife wayar. Ba ta hura wuta ba. Yasir ya aiko cewa shafin ya sauko na huɗu, daga baya na bakwai, don shafin da ya yi shiru baya ake tura shi. Ta gane abin da bai faɗa ba: in ta daɗe, ko ta faɗi sunan, ba sauran rumfar da za ta ɗaga shi.

Ba faɗar ce kaɗai ke tsorata ta ba. Muryar za ta zauna a shafi. Matan Bakura za su taɓa su ji Kubura ɗiyar mutunci tana kiran sunan ɗan fari gatsau, a gaban duniya. Sau ɗaya ta gwada dabara. Ta danna ta ce, "Na-Gwaggo ne ya yi wanga abu."

"Na ji," in ji Sanƙira. "Amma ba wanda ke neman Na-Gwaggo. Da wane suna mutane suka san shi?"

Ta ajiye wayar kamar ta taɓa garwashi.

Washegarin sadakar arba'in, da rana ta ɗan ɗaga, Gimbiya ta shigo da buhun gyaɗa a bayan mai kura, ta sa aka sauke a tsakar gida. Ta fara hura wuta. Suka soya, suka murje, suka sheƙe, aka kai niƙa aka dawo. Kubura ta zuba ruwan zafi tana tuƙawa har mai ya fara tsattsafowa. Hannunta ya tuna aikin tun kafin zuciyarta ta yarda.

"Kubura," in ji Gimbiya, ba ta dube ta ba. "Kunyar nan, ni kike yi mawa. Ni da uwayen mijinki. Su sun tahi, saura ni. To na ɗauke miki. Shekara ashirin da bakwai na riƙe sunan nan ni kaɗai, ya yi min nauyi. Duk wadda ta yi magana a garin nan ki turo min ita."

Ta tashi ta fita, ta ja ƙyauren gidan, ta zauna a zaure kamar mai gadi.

Kubura ta goge hannu a zane. Ta danna wayar. Sanƙira ya gaishe ta ya yi tambayarsa.

"Yau an soya gyaɗar Maradun, mudu ashirin," ta ce. "Na yi kwana arba'in ban soya ba, an yi min rasuwa. Wanda ya rasu shi ya gina abin da ke kawo muku maganata. Shi ya gina na mai daddawa ta Faru, da na masu tabarma, da na mai zuma. Shi ya hana shi ƙarya. Ɗana ne, na fari." Ta tsaya. Mai na ƙara a kasko. Ta faɗi sunan a hankali, ƙasa-ƙasa.

"Ban taɓa jin wannan kalma daga bakinki ba," in ji Sanƙira. "Ki maimaita min sau uku in koya."

Kubura ta yi wata irin dariya da ba ta shirya ba, hawaye na zuba a haɓarta. Tarkon da ɗanta ya ɗana shekara uku da suka wuce, yau ya kama. Ta gyara zama.

"Zaharaddini," ta ce. Sunan ya fito da kaushi, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba.

"Zaharaddini." Wannan ya fi sauƙi.

Na ukun ba Sanƙira ta faɗa mawa ba. Ta ɗaga murya, yadda ake kiran yaro ya shigo ya ci abinci. "Zaharaddini Bawa Bakura!"

A zaure, Gimbiya ta rufe fuska da mayafi.

"Na koya," in ji Sanƙira. "In sa a shafi?"

"Sa."

Bai fito ran nan ba, bai fito washegari ba. Yasir ya ce a yi haƙuri, manhajojin da ke zagayen intanet suna jera shafuka sai sun biyo ta kan shafin. Mai daddawa ta ji muryar, ta faɗi sunan a nata shafin, masu tabarma suka bi, tsohuwar Maradun ma ta faɗa har da addu'a. Wasu a Bakura sun yi magana, kamar yadda aka zata, biyu daga ciki Gimbiya ta je har gida ta same su. Rana ta goma sha ɗaya Yasir ya zo ko hular kwano bai cire ba, ya miƙa ma Kubura waya daga bakin zaure. Ba ta iya karatun boko sosai ba, amma ta san harafin farko, mai kama da zanen da ake yi a bakin ƙwarya. Yana can sama, saman mai ƙwallo, saman mai motoci. A ƙarƙashinsa ga 'yar alamar da in an taɓa, muryarta ke fitowa.

Yasir ya nuna mata inda ake dannawa a yi tambaya da baki, ba sai an rubuta ba. Ya ce ba dole ba ne ta riƙa dubawa, sunan ya zauna. Ta ce ta ji.

Har yau, kowace safiya, in Sanƙira ya gaishe ta ta amsa, ta gaya masa abin da aka soya. Sannan kafin ta ɗora kasko, sai ta danna wurin nan, ta kawo wayar kusa da baki, ta kira sunan sau ɗaya. Ta jira ɗan jim. In ya fito, sai ta ce, "To, Allah shi jiƙan ka," ta sa wayar a cikin zane, ta hura wuta.